Randa ta Arba'in

Ɗakin ginin Inna Maginiya taku goma sha ɗaya ne a tsaye, bakwai a kwance. Yana bayan gida, ƙofarsa na kallon lungu. A ciki akwai baho uku na jiƙa yumɓu, da benci ɗaya wanda ƙafarsa ta huɗu bulo ce, da kanta biyu inda ɗanyun tukwane ke shan iska, sai taga guda wadda ba ta rufuwa sai an danna ta da gwiwar hannu. Tanderun gashi yana waje, jikin katanga. Shekara talatin da shida tana shiga ɗakin nan da zarar ta karya kumallo, ba ta fitowa sai rana ta take tsaka, ta ci abinci, ta sake komawa.

Tana 'yar shekara tara goggonta ta fara ɗora mata yumɓu a cinya. Goggon ba mai yawan magana ba ce, abu biyu kawai ta dasa mata. Na ɗaya, ba da ido ake gane kaurin jikin tukunya ba. Hannun dama a ciki, na hagu a waje, yatsun su ne za su gaya maka nan ya yi kauri, nan ya yi sirara. Na biyu, duk inda aka ɗora igiyar yumɓu kan 'yar'uwarta, sai an shafe wurin an goge, har ita mai ginin ta kasa nuna inda ta haɗa. Idan Goggo ta ga layin haɗi ko ɗaya, ba ta faɗa, ba ta duka. Tafin hannu kawai take sa wa ta danne tukunyar ta koma dunƙule, ta miƙo wa yarinya ta sake.

Da waɗannan abubuwa biyu Inna ta yi rayuwa. Ta gina randuna, da tuluna, da tukwanen girki, da na shuka fure. Ko a ce huɗu take yi a rana, kwana biyar a mako, sun haura dubu talatin. Da su ta yi wa 'ya'ya biyar hidimar makaranta. A unguwar, idan randa ta yi shekara goma ba ta tsage ba, ba a tambayar wa ya gina ta.

Sai wata safiya hawan jini ya buge ta tana tsaka da kwaɓa yumɓu. Kwananta goma sha biyu a asibiti. Baki ya dawo daidai, ƙafa ta dawo, hannu ma ya dawo, in ban da yatsu biyu na dama, manuni da na tsakiya. Suna lanƙwasuwa, suna miƙewa, amma ba sa jin komai. Ko allura aka soka mata sai ta gani da ido take sani. Likita ya ce ta gode wa Allah, yatsu biyu cikin goma ba asara ba ce. Ta gode wa Allah, amma ba ta gaya wa likita cewa waɗannan biyun su ne suke ginin ba, sauran takwas ɗin rakiya suke yi.

Bayan wata uku ta koma ɗaki. Randar farko ta kai gwiwa, sai ta karkace ta zauna. Ta biyu ta tsaya, amma da ta yanka ta da zare don ta duba, gefe ɗaya kaurinsa kamar bango, ɗayan kamar takarda. Ta danne ta, ta mayar baho. Haka ta uku, haka ta huɗu.

Autarta, wadda ke aiki a shagon sayar da magani, ita ce ta fara maganar da kowa yake tsoron yi.

"Inna, akwai wani tela yana neman ɗaki mai ƙofa a lungu. Mutumin kirki ne. Ki huta haka nan, don Allah. Duk ranar da kika rushe tukunya sai jininki ya hau, ni nake aunawa, na sani."

Inna ta daɗe tana kallon hannunta. Sannan ta ce, "Arba'in."

"Arba'in me?"

"Zan gwada arba'in. In ba a samu ɗaya da ta tsaya, ta gasu, ta riƙe ruwa ba, ki kira telanki. Ni da kaina zan share masa ɗakin."

Ta ɗauki alli ta ja layi huɗu a bayan ƙofa. Daga ranar, duk wadda ta rushe sai ta ƙara layi.

Maigidanta tsohon direban bas ne, shekara talatin da ɗaya yana tuƙi kafin ido ya sauke shi. Tun da ya ajiye aiki, kujerarsa tana bakin ƙofar ɗakin gini, da 'yar rediyonsa a cinya. Injiniya yake ce mata, ita kuma ta ce masa Direban Kujera. Ranar da layuka suka kai ashirin da shida, ya tashi wai zai miƙe baya, ya jingina da ƙofar, ya goga kafaɗa sama da ƙasa. Da ya matsa, layi biyu sun ɓace.

Inna ba ta ɗago kai daga bahon ba ta ce, "Malam, rigarka ta yi fari."

"Ai ƙofar nan duk ƙura."

"Ƙura mai layi biyu?"

Ta taso ta mayar da layinta. Ya koma kujera ya ƙara wa rediyo murya. Da yamma ta ga ya ci rabin abincinsa ya ture kwanon.

Layuka suna talatin da bakwai ranar da Auta ta kai ta asibiti a sake duba ta. Da suka fito, maimakon su nufi wurin hawa mota, sai Auta ta ja ta zuwa wani gini mai ƙofar gilashi a tsallaken titi.

"Ana baje kolin tukwane a nan, Inna. Irin na masu karatun zane. Mu shiga ko sanyi mu sha."

"Ni da nake shirin barin tukwane za ki kai ni kallon tukwane?"

"Minti goma."

"Zan ƙirga."

Ɗakin fari ne fat, bango da ƙasa da sama. Tukwane goma sha tara ne a ciki, kowace an ɗora ta a kan akwatinta ita kaɗai, an kunna mata fitila a ka. Mutum shida ne ke zagayawa, hannayensu a baya, suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu dubiya. Mai gadi yana tsaye a bakin ƙofa.

"Ikon Allah," in ji Inna. "Tukunya sha tara a ɗaki kamar filin ƙwallo. Ni a kanta ɗaya nake jera talatin."

"Inna, a hankali."

"Wannan fa ina bakinta? An toshe. Ta ina za a zuba abu?" Ta matsa gaba. "Wannan kuma rariya ce ko me? Huda goma sha huɗu."

Auta ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Suka wuce ta uku, ta huɗu, ta biyar. A kan ta tara Inna ta tsaya.

Randa ce babba, ta kai mata ƙugu, ja mai duhu. Amma ba da igiyar yumɓu aka gina ta ba. Falle-falle ne, kowane kamar faɗin tafin hannu, an ɗora bakin wannan a kan wancan, an bi an zagaye har sama. Duk haɗin yana nan a fili, ba a shafe ko ɗaya ba, fitila ma tana ƙara tona su. Inna ta ji kunya ta kama ta, kamar ta ga mace ta fito da riga a bai-bai.

"Baiwar Allah, ba ta gama ba aka ƙwace mata," ta ce.

Abin da ya biyo baya ba da niyya ta yi ba. Maginiya in ta tsaya gaban randa, hannunta ba ya neman izini. Ta lanƙwasa yatsan hagu ta ƙwanƙwasa kafaɗar randar. Amo ya tashi, siriri, tsaf, ya daɗe yana yawo a farin ɗakin nan kafin ya mutu. Mutum shida suka waiwayo.

Inna ba ta gan su ba. Ta ƙwanƙwasa ciki, ta sunkuya ta ƙwanƙwasa gindi, ta zagaya ta ƙwanƙwasa wancan gefe. Wuri bakwai ta buga, shida suka ba ta amsa iri ɗaya. Randar da kaurinta bai daidaita ba ba ta yin wannan amon, ko wa ya gina ta. Sai ta naɗe hannun riga ta zura hannun hagu a ciki har hammata, ta dafa na dama a waje.

"Mama! Mama! Ba a taɓawa!" Mai gadi ya taho da gudu, hularsa a hannu. "Ga shi a rubuce, ba a taɓawa!"

"To yaya ake dubawa?"

"Da ido, Mama."

"Randa da ido? Ɗana, kai in za ka sayi takalmi kallonsa kake yi ka tafi?"

"Ba ta sayarwa ba ce irin wannan, ta kallo ce. Don girman Allah ki fito da hannun, aikina za ki ci."

Auta ta rasa inda za ta sa kanta. Tana ba da haƙuri, tana jan uwar, uwar ta ƙi motsi don ba ta gama lalube ba. Ana cikin haka wata mata ta fito daga ƙaramar ƙofa a bayan ɗakin. Gajeruwa ce, ba za ta wuce talatin da biyar ba, tana sanye da kayan fita masu tsabta. Inna ba ta dubi fuskarta ba, farcenta ta duba. Akwai jan yumɓu a ƙarƙashinsu, irin wanda sabulu ba ya fitarwa.

"Ke kika gina?"

"Ni ce, Mama. Sannu da zuwa." Ta juya ga mai gadi. "Ƙyale ta. Wanda ya ƙwanƙwasa haka ya fi ni sanin abin da yake yi."

Inna ta zaro hannu. "Kaurinta ɗaya daga gindi har baki. Shekara nawa kika yi kafin yatsunki su iya wannan?"

Matar ta yi dariya har da rufe baki. "Wallahi Mama yatsuna ba su san kauri ba. In na gina da igiya, abin tausayi ne. Katako ne ya sani."

"Katako?"

"Sirara guda biyu, kaurinsu ɗaya. Sai in shimfiɗa yadi, in ajiye su hagu da dama, in sa yumɓu a tsakiya, in bi da sanda ina murzawa. Sandar tana hawa kan katakon, ba za ta iya nutsewa ta wuce su ba. Duk fallen da ya fito, kaurin katakon ne. Sai in yayyanka, in bari ya ɗan sha iska, in karce bakin, in shafa masa ruwan laka, in ɗora, in danna daga ciki."

"Kaurin katakon nawa?"

Matar ta kama ƙaramin yatsan Inna ta ɗaga. "Kamar wannan."

"To haɗin fa? Me ya hana ki shafewa? Lokaci ne ya ƙure miki?"

"A'a. So nake wanda ya tsaya gabanta ya ga yadda aka yi ta, falle bayan falle. Kuma in na shafe, ina cinye kaurin wurin."

Inna ta yi tsaki kaɗan, ba na raini ba, na wanda aka gaya wa abin da bai shirya ji ba. "Tana riƙe ruwa?"

Matar ta dubi randar, ta dubi Auta. "Ban taɓa zubawa ba."

"Innalillahi! Kin gina randa har ƙugu ba ki taɓa ba ta ruwa ba?" Inna ta riƙe haɓa. "To zo ki ji. Nan ƙasa, gefen taga, akwai haɗin da iska ta maƙale a ciki. Buga ki ji."

Matar ta tattare zanenta ta durƙusa, ta ƙwanƙwasa inda aka nuna mata. Amon ya fito a dushe. Ta buga gefensa, ya yi ƙara tsaf. Ta sake buga wurin farko, ta ɗago ido a buɗe.

"Wata huɗu tana gabana ban sani ba."

"In za ki danna haɗi, daga tsakiya za ki fara ki kora iskar waje. Ke daga baki kike farawa, kina kulle ta a ciki."

Mai gadi ya mayar da hularsa ya ce, "Yanzu ke ma, ranki ya daɗe? To ni me nake gadi?"

Auta ta buɗe baki za ta yi bayanin yatsun uwarta, Inna ta harare ta, ta fasa. Suka yi sallama. Matar ta rako su har bakin titi, tana riƙe da hannun Inna na dama da hannayenta biyu. Minti goman Auta ya zama hamsin da biyar.

A mota sai da suka wuce tasha huɗu, sannan Inna ta ce, "Sittin da huɗu."

"Me, Inna?"

"Fallen da ke jikin randar. Ni da arba'in da takwas zan tashe ta, in na faɗaɗa su kaɗan."

Da suka isa gida, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya gaban kujerar maigidan. "Malam, ina son katako biyu sirara, tsawon hannu, kaurin ƙaramin yatsana. Kada ɗaya ya fi ɗaya ko da gashi. Da sanda miƙaƙƙiya, mai santsi."

Bai tambayi na mene ne ba. Ya kashe rediyo, abin da ba ya yi sai lokacin salla. Ya ciro katako biyu daga tsohon gadon yara da ke jingine a bayan gida, ya zauna yana goge su da takarda mai yashi, yana haɗa su baki da baki yana ɗagawa sama ya ga ko haske zai ratsa. Sanda kuwa, ya tono wani bututun ƙarfe daga akwatin kayan aikinsa na mota, ya wanke shi sau uku da sabulu.

Saura gwaji uku.

Ta talatin da takwas gaggawa ce ta kashe ta. Fallen sun fito sumul, kauri ɗaya, har Inna ta ɗaga ɗaya tana juya shi kamar ba ta yarda ba. Shekara hamsin tana tambayar yatsunta abin da katakon gado ya ba ta a murza biyar. Daɗi ya sa ba ta jira sun sha iska ba, ta hau gini. A layi na uku randar ta yi laushi, ta buɗe, ta kwanta a kan benci. Ta ja layinta a ƙofa, amma ranar ta ci abinci har da ƙari.

Ta talatin da tara ta tsaya. Falle arba'in da takwas, kamar yadda ta faɗa. Inna ta ja da baya ta dube ta, sai haɗin nan suka tsone mata ido. Ta ce a ranta ba za a ce daga ɗakin nan wannan ta fito ba. Ta jiƙa hannu ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana shafewa, tana gogewa, har jikin randar ya yi santsi kamar na dā. Kwana shida tana bushewa. Aka sa ta a tanderu, aka ba ta wuta, aka bari ta huce. Da aka buɗe, ta tsage wuri uku, kuma duk tsagar ta bi layin haɗi ne.

Inna ta zauna a ƙasa da tsingaron a cinya. Ta ɗauki ɗaya ta dubi bakinsa. Tsakiyar fallen kaurin katako ne, daidai. Amma inda ta shafe, yatsun nan biyu da ba sa ji sun danna sun wuce misali, sun cinye wurin har ya koma kamar ɓawon ƙwai. Matar nan ta wurin baje koli ta gaya mata, da kunnenta ta ji.

"Ni na kashe ta," ta ce. "Ba hannun ba ne, ni ce."

Maigidan ya sauko daga kujera da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya zauna kusa da ita a ƙasa. Ya ɗauki tsingaro biyu yana ƙoƙarin haɗa bakinsu, suna ƙi.

"In na bar haɗin a waje, Goggo za ta ce ban gama ba."

"Goggo ta yi shekara ashirin da rasuwa, Allah ya jiƙanta."

"Amin. Amma tana nan." Ta nuna bayan wuyanta.

"To ki gaya mata saura ɗaya. Ta yi miki haƙuri da ɗayan nan."

Kwana biyu ba ta shiga ɗakin ba. A rana ta uku ta kwaɓa yumɓu, ta murza, ta yanka, ta jera fallen a kanta, ta zauna tana jiransu har suka yi taurin fata. Ta kafa gindi. Ta ɗora layi na ɗaya, na biyu. A na uku, inda ciki ke buɗewa, falle yana son wanda zai tallabe shi daga waje yayin da take dannawa daga ciki, kuma hannun daman nata ba ya gaya mata ko ya tallaba ko ya tura.

"Malam."

"Na'am, Injiniya."

"Wanke hannu ka zo."

Ya waiwaya bayansa ya ga ko da wani ake. Shekara talatin da shida bai wuce dokin ƙofar nan ba sai in zai miƙo mata shayi. Ya wanke hannu, ya shigo a ɗarare kamar baƙo.

"Sa tafinka nan. Kada ka tura, kada ka saki. Riƙe kawai."

"Kamar sitiyari a kan kwalta mai kyau."

"Ban sani ba, ban taɓa tuƙi ba. Riƙe."

Ya riƙe. Ta karce baki, ta shafa ruwan laka, ta ɗora, ta danna da hagu daga tsakiya zuwa waje. Suka matsa zuwa na gaba. Kansa da nata suna kusan haɗuwa a bakin randar, tana jin numfashinsa, yana ta riƙe shi kamar numfashin ma zai iya rushe ginin. A falle na ashirin da biyu, ba ta ankara ba hannunta na dama ya shiga kwanon ruwa ya fito, ya nufi haɗin da ke waje.

"Birki, Injiniya."

Ta janye. A na talatin hannun ya sake tafiya.

"Birki."

"Na ji!"

"Ai ba ke nake wa magana ba, da hannun nake."

Sau biyar ya taka mata birki kafin su kai baki. A na ƙarshe wuyan hannun ya kama a hankali, ya riƙe shi a nasa har ta gama danna haɗin da hagu. Da suka gama, awa huɗu da kwata, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Randar tana tsaye a kan benci da haɗinta arba'in da takwas a fili. Inna ta ɗauki tsumma ta lulluɓe ta, rabi don kada ta bushe da sauri, rabi don kada ta riƙa ganinta.

Ta ba ta kwana takwas maimakon shida. Ranar gashi ita da kanta ta zauna gaban tanderu tana ƙara itace kaɗan-kaɗan, ba ta bar wuta ta yi fushi ba. Aka bar ta ta huce yini da kwana. Auta ta nemi izini a wurin aiki ta zo da safe, wayarta a hannu.

Suka fito da ita su uku, suka ajiye a tsakar gida. Babu tsaga. Ta ɗan karkata hagu, kamar mai sauraron magana. Wuta ta bi bakin kowane falle ta yi masa duhu, sai haɗin suka ƙara fitowa. Inna ta lanƙwasa yatsa ta tsaya, ba ta buga ba. Maigidan ya juya baya wai yana neman takalminsa. Ta buga.

Amon ya tashi tsaf. Ta buga wuri tara, duk suka amsa.

"Saura ruwa," ta ce. "Kada kowa ya yi murna tukuna."

Bokiti uku da rabi ta sha. Inna ta sa alama a inda ruwan ya tsaya, ta shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashi, ta kori kowa daga wurin. Ita ce kuma ta kasa nisa. Kafin la'asar ta leƙa sau goma sha ɗaya. Washegari da safe ruwan ya sauka faɗin yatsa ɗaya, wanda kowace randa mai lafiya take shanyewa ta yi gumi da shi. Takardar ta yi sanyi, amma babu ɗigo ko ɗaya.

Auta ta rungume uwar ta baya tana kuka. Inna ta bar ta ta yi, sannan ta ce, "Mummuna ce."

"Inna!"

"Mummuna ce mana. Ta karkace, wuyan ya yi gajere, falle na sha bakwai ya fi 'yan'uwansa faɗi, bakin kuma kamar an cije shi. Aibi huɗu." Ta ɗebo ruwan a kofi ta kurɓa, ta daɗe da shi a baki. Ta miƙa wa maigidan sauran. "Amma da sanyi."

Ya shanye, ya goge ido da bayan hannu, ya ce ruwan ne ya sarƙe shi.

Auta ta share fuska ta ɗaga wayar. "To telan fa? Me zan ce masa?"

"Ki gaishe shi. Ki ce ya yi haƙuri, ɗakin da mai shi. In kuma yana da guntayen yadi masu kauri da ba ya so, ya aiko mini, na shimfiɗar murza ya fara yagewa." Ta juya tana duban bahon yumɓu, tana lissafi da leɓe. "Wanda ya rage zai yi biyu. Ta gaba doguwa nake so, har ƙirji, in ga ko fallen za su yarda su tafi a karkace kamar ana hawa bene. Falle saba'in, ko saba'in da biyar."

"Saba'in da biyar!" in ji maigidan. "Injiniya, bayana fa? Shekara talatin da ɗaya ina gaban mota, yau a tsufa an mayar da ni kwandasta."

"Kwandasta ma sai an ga hali. Miƙo hannun in gani."

Ya miƙa mata duka biyun. Ta juya su, ta duba tafin, ta duba baya, ta daɗe tana riƙe da su fiye da yadda dubawar take buƙata.

"Je ka yanke farce," ta ce. "Gobe da ƙarfe takwas."